Zan sayi tsohon gidan mai, amma rijiyar maƙwabci tana warin fetur

"Assalamu alaikum Injiniya. An yi mini tallan wani tsohon gidan mai a bakin titi a nan Kano, ya fi shekara goma a rufe. Niyyata in rushe shi in gina shaguna a gaba, a baya kuma in haƙa rijiyar burtsatse in kafa ƙaramin kamfanin ruwan leda. Da na je dubawa, wani dattijo da ke bayan katangar ya ce mini rijiyar gidansa ta daɗe tana warin fetur, har sun daina sha, sai wanki da wanka. Dillali ya ce ba wani abu ba ne, a kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa, a yashe rijiyar, shi ke nan. Shin haka ne? Ana iya gyara irin wannan wuri, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, don ya faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba ko da ka kwana kana tambayarsa. Abin da kake son sani shi ne me ke kwance a ƙarƙashin filin, ko ana iya tsabtace shi, in kuma an tsabtace ko zai yi maka abin da ka saye shi dominsa. Na ƙarshen ya fi saurin amsawa. Shaguna za su yiwu, in an yi aikin da ya kamata. Ruwan leda daga rijiyar da aka haƙa a wannan fili kuwa, ka cire shi daga lissafinka tun yau. Zan gaya maka dalili a gaba, amma sai ka fara ganin yadda mai ke tafiya a cikin ƙasa, in ba haka ba maganar dillali za ta ci gaba da yi maka daɗi a kunne.

Abin da ke ƙarƙashin daɓen

Gidan mai irin na da tankunansa na ƙarfe ne mai bango ɗaya, a binne, galibi uku ko huɗu, na fetur da gas da kananzir. Ƙarfe a cikin ƙasa mai danshi tsatsa yake yi, ta waje da kuma ta ciki, inda ruwa ke kwantawa a gindin tanki. Sai dai a wuraren da na yi aiki ba kullum tankin ne babban mai laifi ba. Mahaɗar bututun da ke tsakanin tanki da famfo, da bakin da tanka ke sauke mai, da gindin famfon kansa, nan aka fi samun yoyo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in ka zauna ka lissafa, ya haura lita 1,500 a shekara. Manaja ba ya lura da wannan. Ya saba ganin giɓi a littafi, sai ya ɗora wa zafin rana ko ya zaftare wa yaran famfo albashi.

Man da ya zuba ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. Wani yana maƙalewa a jikin ƙasa kamar yadda mai ke kama tsumman bakanike. Wani ya zama tururi ya cika 'yan ƙofofin da ke cikin ƙasar. Sauran ya gangara har ya tarar da ruwa, kuma da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. A nan ne yanayinmu ke ƙara dagula lamarin. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa da damina, ya koma ƙasa da rani, kowa da ke da rijiya ya san wannan daga tsawon igiyar guga. Kowace tasowa da komawa tana ɗaga man nan ta shafa shi a jikin ƙasa, har a sami shimfiɗa mai kaurin mita ɗaya ko biyu ko fiye wadda ta jiƙe da mai. Wannan shimfiɗa ce ke ci gaba da shayar da ruwa guba shekara da shekaru bayan an rufe gidan man. Shi ya sa idan ka tambayi dattijon, ba mamaki ya ce maka warin yana ƙaruwa a wani lokaci na shekara ya lafa a wani.

Abin da ya fi damuna kuwa ba man da ake gani ba ne, wanda ya narke cikin ruwa ne. Cikin sinadaran fetur akwai huɗu da muke fara nema, benzin da toluwin da etilbenzin da zailin. Benzin ne shugabansu wajen mugunta, don an tabbatar yana jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka a ruwan sha: maikirogiram 10 a lita ɗaya (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram). Don ka ji ƙanƙantar wannan adadi, ɗauki lita ɗaya ta fetur mai ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100. Benzin ɗin da ke cikinta, kusan giram 9, ya isa ya kai ruwa lita 880,000 ga wannan iyaka. Hanci kuma ba ma'auni ba ne. Ruwa yana iya daina wari alhali benzin ɗinsa bai sauko ƙasa da iyaka ba.

Sai ƙasar Kano kanta. Mafi yawan birnin a kan dutse yake zaune. A sama akwai marmara da yumɓu da ruɓaɓɓen dutse, a ƙasa kuma dutse mai ƙarfi mai tsage-tsage. Rijiyoyin gida daga ruɓaɓɓen nan suke sha, burtsatse kuma daga gindinsa da tsagun da ke ƙasa, kuma biyun a haɗe suke. Inda ƙasa rairayi ce zalla, gurɓataccen ruwa yana bin gangara a hankali, ana iya hasashen inda zai je. A tsagar dutse ba haka ba ne. Na taɓa aiki a wani wuri inda rijiyar da ke jikin katangar gidan mai ta fito fes, wadda ke tsallaken layi kuma, nesa da ita sosai, ita ce ke wari. Tsaga ce ta ɗauki ruwan ta ƙarƙashin ta farkon ta kai wa ta biyun.

Kada in zalunci mai filin: ruwa ba ya tsami banza, amma ba lallai daga gidan man nan tsamin ya fito ba. Ana iya samun wani gidan mai a sama da shi, ko 'yan bumburutu da suka daɗe suna ajiye durom-durom a lungu, ko babban janareta mai tankin gas. Haka kuma fetur ba shi kaɗai ake samu a irin waɗannan wurare ba. In an yi juyen baƙin mai a wurin, ramin juyen yana da nasa labarin. In an yi cajin batir, ko gidan man ya yi aiki a zamanin da ake zuba wa fetur dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama dainawa ba sai farkon 2006, to a nemi dalma a ƙasar.

Inda dillali ya yi gaskiya, da inda ya kauce

Kwashe ƙasar sama magani ne na gaske, amma na wata cuta daban. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara masu niƙa dutsen zinare, irin su Dareta da Abare, abin da aka yi ke nan: aka kankare ƙasar sama ta tsakar gidaje da hanyoyi, aka kai ta rami aka binne, aka shimfiɗa mai tsabta. A 2013 aka yi wa Bagega. Ya yi aiki saboda ƙurar dalma a sama take zama, ba ta nitsewa da nisa, kuma ba ta ruɓewa, sai dai a ɗauke ta ko a rufe ta. Fetur akasin haka ne. Shi tun farko ba daga sama ya zuba ba, daga gindin tanki ya fara, mita uku ko huɗu a ƙasa, ya kuma yi ƙasa daga nan. Ka kwashe rabin mita na sama ka zuba jar ƙasa mai kyau, ka yi wa wurin kwalliya ne kawai.

An ga wannan a fili a ƙasar Ogoni. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Agustan 2011 ya nuna wuraren da aka ce an gyara, ido na ganin samansu lafiya, amma da aka haƙa sai aka tarar da mai har zurfin mita biyar. A Nisisioken Ogale an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan da mutane ke sha, benzin ɗin rijiyoyinsu kuma ya ninka iyakar Hukumar Lafiya sau 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Gidan mai ɗaya bai kama ƙafar wannan ba, amma ɗabi'ar man ɗaya ce.

Yasar rijiya kuwa, ina roƙonka ka hana. Rijiya taga ce kawai da ake leƙa ruwan ƙasa ta cikinta. In ka kwashe abin da ke ciki, wanda ke gefe ne zai shigo, kuma daga wajen gurɓatar zai fi zuwa. Ga kuma haɗarin rai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a gindin rijiya. Mai yasa yana iya sauka ya sume kafin na sama su ankara, ko fitila ko tartsatsin injin ban ruwa su tayar da wuta.

Bincike kafin kafin alƙalami

Sayen tsohon gidan mai ba tare da an leƙa ƙarƙashinsa ba cinikin biri a sama ne. A Amurka sai da suka sha wuya suka koyi wannan. Bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal ta jihar New York a 1978, inda aka gano an gina gidaje da makaranta a kan tsohon jujin sinadarai, sun yi doka a 1980 wadda ke iya ɗora wa mai fili na yanzu kuɗin gyara ko da ba shi ya ɓata ba. Daga nan bankuna da yawa suka daina ba da bashi kan filin kasuwanci sai da rahoton binciken muhalli. Mu a nan ba wanda zai tilasta maka wannan bincike kafin ka saya, amma ranar da magana ta tashi, ƙofar wanda sunansa ke kan takardar fili za a ƙwanƙwasa.

Matakin farko ba ya buƙatar inji. Takardu ne da baki. Yaushe aka gina, tanki nawa, an taɓa canzawa, an taɓa gobara, me ya sa aka rufe. Ni tsohon mai gadi da tsohon yaron famfo nake nema, don sun fi kowace takarda sanin wane tanki ne "ba ya riƙe mai". Wani tsohon ma'aikaci ya taɓa nuna mini da ƙafarsa inda aka binne tanki na biyar da babu shi a zanen wurin, an daina amfani da shi aka zuba kankare a kai. Tsofaffin hotunan sama na Google Earth ma suna taimakawa. Sannan a zaga unguwa a ƙirga duk rijiya da burtsatse da ke kusa, a ji wace ke wari, tun yaushe.

Mataki na biyu a huda ƙasa. Ana haƙa 'yan ramuka a kewayen tankuna, da layin bututu, da wurin famfo, da ramin baƙin mai, da bakin katanga ta ɓangaren dattijon, a riƙa ɗaukar ƙasa a kowane zurfi har a kai ruwa. Akwai ɗan ma'aunin tururi na hannu da ake kara wa ƙasar, amma sau da yawa ido da hanci sun riga shi: jar ƙasa ta koma toka-toka ko kore-kore, tana danƙo, tana warin tsohon fenti. Aƙalla uku daga cikin ramukan a mayar da su rijiyoyin sa ido, a sa musu bututu mai tsaga-tsaga da murfi. Dole su kai uku, domin da tsayin ruwa a wurare uku ake gane inda yake gangarawa, daga nan kuma a san ko daga filinka man ke zuwa gidan dattijo ko daga wani wuri yake ratsowa.

Samfurin ruwa shi ne inda aka fi cutar mutane. Benzin gudu yake yi cikin iska. Ruwan da aka ɗebo a robar lemo, aka bar rabinta iska, aka jefa a bayan mota cikin rana, in ya isa ɗakin gwaji zai fito da sakamako mai daɗi na ƙarya. Ƙaramar kwalbar gilashi ake cikawa har ta yi tozo, a rufe ba tare da kumfar iska ko ɗaya ba, a sa cikin ƙanƙara, a kai da wuri. Kuma ka faɗa musu abin da kake so a auna: jimillar man fetur a ƙasa da ruwa, da sinadaran nan huɗu kowanne daban, da dalma. Gwajin ruwa na yau da kullum, wanda ke duba gishiri da tsami da ƙwayoyin cuta, ba ya ganin benzin ko kaɗan. Ka tambaye su mafi ƙanƙantar adadin da injinsu ke iya gani. In ya haura maikirogiram 10, to rubutun "ba a samu ba" da za su ba ka ba shi da amfani. Da so samu ne a auna sau biyu, ƙarshen rani da ƙarshen damina.

Da me za a gwada sakamakon? Ƙa'idojin muhalli na harkar man fetur a Najeriya, waɗanda aka fara fitarwa a 1991 aka sabunta a 2002 da 2018, sun sa miligiram 5,000 na mai a kilo ɗaya na ƙasa a matsayin adadin da dole a shiga gyara, da miligiram 50 a matsayin inda ake son kaiwa. A ruwan ƙasa kuma maikirogiram 600 a lita ne adadin shiga gyara. A ra'ayina tazarar nan ta ƙasa ta yi faɗi da yawa, kuma wurin da ke tsakiyar gidajen mutane masu shan rijiya bai kamata a tsaya ana jiran ya kai 5,000 ba. Hukumomin da abin ya shafa su ne NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don malalar mai, da NMDPRA wadda ta gaji kula da gidajen mai daga tsohuwar hukumar albarkatun man fetur, DPR, bayan dokar man fetur ta 2021, sai ma'aikatar muhalli ta jiha. A sanar da su kafin a taɓa tanki, kuma a yi amfani da ɗakin gwajin da suka amince da shi.

Gyaran ƙasa

Komai daga tushe ake farawa. A zuƙe abin da ya rage a tankuna, a fitar da su da bututansu duka. Barin tanki a ƙasa a ce an cika shi da yashi kashe maciji ne ba a sare kai ba, don ƙasar da ta fi jiƙewa a ƙarƙashinsa take. A nan ina da gargaɗi mai nauyi. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka cika shi. Kada a bar mai walda ko ɗan gwangwan ya kusance shi da wuta ko injin yanka sai an wanke shi, an kore tururin, an auna an tabbatar. Rayuka da yawa sun salwanta a kan wannan ganganci.

Bayan tanki ya fita sai katafila ta bi gurɓatacciyar ƙasa, ana tono ana aunawa, har gefen rami da gindinsa su fito da tsabta ko a kai ruwa. Ƙarshen rani ya fi dacewa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, shimfiɗar nan da na ambata ta fito fili. Tambayar da mutane ba sa yi ita ce ina tifa za ta kai ƙasar. In ba ka sa ido ba, kududdufin wata unguwa za a cike da ita, ko a sayar wa mai gini a matsayin ciko, ka ɗauke masifa daga bayan wani dattijo ka kai bayan wani.

Abin daɗi shi ne ƙasar da fetur ko gas ya ɓata tana warkewa, kuma zafinmu yana taimakawa. Akwai ƙwayoyin halitta a cikin kowace ƙasa da ke cin mai, abin da suke nema iska ne da danshi da ɗan taki. Ana shimfiɗa leda mai kauri a fili nesa da gidaje, a yi mata gefe don kada ruwan sama ya wanke, a baza ƙasar da kaurin da bai wuce tsawon hannu ba. A gauraya ta da buntun shinkafa ko garin katako don ta sha iska, a zuba kashin kaji ko ɗan yuriya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kamar ana gyaran fadama. Danshin da nake nuna wa leburori shi ne wanda in ka dunƙule ƙasar a hannu za ta dunƙulu amma ruwa ba zai ɗiga ba. Makon farko ba ka iya tsayawa kusa saboda wari. Bayan 'yan watanni sai ka ga launi ya dawo, ciyawa ta fara leƙowa a gefe. Amma gwaji ne zai ce an gama, ba ciyawa ba. Baƙin mai ya fi taurin kai, dalma kuma ba abin da ke cin ta, sai dai a cakuɗa ƙasar da siminti a killace ta.

Inda ba a iya tono, kamar ƙarƙashin titi ko jikin ginin maƙwabci, ana kafa bututu a zuƙo tururin da inji. Yana aiki sosai a ƙasa mai yashi, a yumɓu kuwa wahala ce kawai.

Ruwan shi ne mai wuyar

Ƙasa ana ɗora ta a tifa. Ruwa ba a yi masa haka. Idan akwai mai kwance a kansa, ana fara yaɗe shi daga rijiyoyin sa ido ko daga ramin da aka tona. Wanda ya narke kuma akwai hanyoyi, kowace da cikas ɗinta. Wadda aka fi sani ita ce a zuƙo ruwan a fito da shi waje, a watsa shi cikin iska a hasumiya don benzin ya fita, a bi da shi ta cikin tacaccen gawayi na musamman. Tana da amfani wajen tare gurɓatar kada ta ci gaba da yaɗuwa. Amma wajen gamawa tana da wani hali mai karya zuciya: wata shida kana zuƙa, adadi ya sauka, ka kashe inji, bayan wata biyu ya dawo, saboda man da ke maƙale a ƙasa ya sake narkewa. A ƙasar da inji ke tafiya da man gas ɗin janareta, ka san abin da shekara uku na wannan ke nufi ga aljihu.

Ana kuma hura iska cikin ruwan ta bututu, ko a ɗura masa sinadarai masu ƙone mai irin su fasalfet ko haidirojin feroksaid. Sinadarin yana da sauri inda ya isa, amma a tsagar dutse ba ka da tabbacin inda ya bi, kuma aiki ne na gwanaye, don yana iya tayar da zafi da tururi. Akwai kuma haƙuri mai sa ido. In an cire tushe, ƙwayoyin halittar nan suna cin benzin a cikin ruwa ma, sannu a hankali, gurɓatar ta tsaya ta fara janyewa. Ba zama a naɗe hannu ba ne, aunawa ake yi a kai a kai na shekaru, kuma sharaɗinsa kada kowa ya sha daga wurin, kada kuma wani ya kafa babban inji kusa.

Ga dalilin da na ce ka manta da ruwan leda. Burtsatsen kamfani yini yake yana zuƙa, kuma duk rijiyar da ke zuƙa da ƙarfi tana janyo ruwan kewayenta zuwa gare ta. Za ka zama kai ne ke jawo gurɓatar da kuɗinka, ka saukar da ita daga sama zuwa tsagun dutse inda ba ta kai ba a da, wataƙila ka ɓata wa maƙwabta burtsatsensu da ke lafiya. Masu haƙa za su ce maka za su yi zurfi su toshe sama da siminti. Na ga yadda ake yin toshiyar nan a aikace, ba zan ɗora lafiyar masu sayen ruwa a kanta ba. Ko da ka sa matatar da za ta cire benzin, ranar da gawayinta ya ƙoshi ba ya sanarwa, kuma kai dubban mutane kake shayarwa.

Shaguna kuwa, in an cire tankuna da ƙasa mai laifi, za su zauna lafiya da 'yan sharuɗɗa. Kada a yi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A shimfiɗa leda mai hana tururi da tsakuwa mai bututun shaƙar iska a ƙarƙashin daɓe, a toshe duk inda bututu ya huda shi. A kula da inda za a haƙa sokawe, don rami ne da tururi ke taruwa. Ruwa a kawo shi daga waje, kuma kada a binne baƙin tiyo na roba cikin ƙasar da ake zargi, domin fetur yana ratsa jikinsa ya shiga ruwan da ke ciki ba tare da ya huda ba.

Dattijon da cinikin

Gidan dattijon ba za su jira duk wannan ba. Tafasawa ba ta gyara ruwan, tururin kawai take watsawa a ɗakin girki, alif kuma laka yake kwantarwa, ba ruwansa da benzin. Wanka da shi a rufaffen banɗaki ma shaƙa ne. Su rufe rijiyar da murfi mai kwaɗo saboda yara, amma kada a cike ta, za a buƙace ta wajen aunawa. Ko ka sayi filin ko ba ka saya ba, ka gaya masa wannan, ka kuma ba shi shawara ya kai maganar ga mai unguwa da ma'aikatar muhalli.

Game da ciniki, ban taka filin nan ba, don haka ba zan yanke maka farashin gyara daga nesa ba, kuma duk wanda ya yanke maka kafin ya huda ƙasa ka yi hattara da shi. Abin da zan ce shi ne kuɗin bincike ƙarami ne a kan kuɗin fili a bakin titin Kano. Ka nemi izinin mai fili a rubuce a yi binciken kafin ka biya. In ya ƙi, ya ba ka amsa ke nan. In ya yarda aka sami gurɓata, ko a rage kuɗin gyara daga farashi, ko a riƙe wani kaso a hannun amintacce har a gama, kuma lauyanka ya rubuta ƙarara wa ke da alhakin abin da ya riga ya tsallaka katanga. Ta fuskar addini ma malamai sun yi bayanin cewa ɓoye aibin kaya ha'inci ne kuma mai saye yana da zaɓi in ya gano, amma kai yanzu an riga an sanar da kai, ba za ka ce daga baya ba ka sani ba. Ni da kaina zan janye in bincike ya nuna mai kwance a kan ruwa har ƙarƙashin gidajen mutane, ko ya shiga burtsatsen unguwa, sai fa in mai filin ne zai ɗauki gyaran ruwan a wuyansa a rubuce.

Kafin ka kira kowa, ka je gidan dattijon da asuba kafin a ja guga, a ɗebo ruwan da ke saman rijiyar a zuba a faffaɗan kwano a fito da shi haske. In ka ga wani sheƙi mai launi-launi a kai, ka taɓa shi da tsinke. In ya farfashe gutsi-gutsi kamar ɓawon ƙwai bai koma ya haɗe ba, tsatsar ƙarfen da ke cikin ruwa ce. In ya murɗe ya bi tsinken ya sake haɗewa, mai ne, kuma ka je wurin mai filin da wannan a hannunka.